Wa Ya Taɓa Batirin Malama Fa'iza?

Da safiyar Talata Malama Fa'iza ta iske kwaɗon ɗakin magani na Tungar Ƙirya yashe a ƙasa. An ɓalle shi da ƙarfe har katakon ƙofar ya tsage. An yi ruwa jiya da magariba, ƙasa ta yi laushi, ganyen dalbejiya ya cika tsakar wurin. Ta yi salati, ta tura ƙofar da ƙafa, ta wuce ɗakin farko inda iyaye mata ke zama da yaransu, ta faɗa na ciki.

Kwamfuta ta fara nema. Ba a daɗe ba da ƙungiyar da ke kula da yaran da gubar dalma ta taɓa ta aiko mata da ita, sabuwa fil a kwalinta, don ta riƙa tura sakamakon gwajin jini ba sai an jira mota ba. Tun shekarar da guba ta ɗebi ƙananan yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, babu abin da mutanen garin ke tsoro kamar ƙungiyar nan ta janye hannunta.

Kwamfutar tana nan. Amma ba a kan tebur inda ta bar ta ba, a kan kujera take, an kuma ture teburin gefe. Kabad ɗin magani a rufe yake, ko ƙwaya ɗaya ba a ɗauka ba. Fa'iza ta buɗe na'urar. Ta kama lafiya lau. Sai dai a ƙasan allon, kan alamar batir, ga wani jan gicciye da ba ta taɓa gani ba, da rubutu a gefensa.

Kafin ta gama karantawa mutane sun cika ƙofa. Wanda ya kutso gaba shi ne Mukhtar, shugaban kwamitin yaƙi da gubar, da kowa ke kira Ciyaman. Shi ya jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen garin, shi ne kuma ke bi gida-gida da matasa don tabbatar da babu mai shigo da dutsen zinari mai ɗauke da gubar cikin gari ya niƙa.

"Mi anka ɗauka, Malama?"

"Ban ga an ɗauki komai ba, Ciyaman. Amma kwamfutar tana cewa batirinta ya tsufa. Wai kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, a canza shi."

"Sabuwar kwamfuta?"

"Sabuwa."

Mukhtar ya dubi allon, ya dubi jama'a.

"To ai magana ta fito. An cire sabo an sa muna tsoho. Wa yat taɓa ta banda ke?"

Fa'iza ta faɗa musu yadda aka yi. Hadari ya hana wutar sola ta ɗakin maganin yin ƙarfi, don haka jiya da rana ta kai ta shagon Sufyanu mai cajin waya. Ya dawo da ita kafin ruwa ya sauko, ita kuma ta kulle ba ta buɗe ba.

Ba ta rufe baki ba matasa suka zabura. Kafin Maigari ya iso sun jawo Sufyanu daga shagonsa, sun fasa masa baki, sun karya masa janareta da taɓarya. Da ƙyar Maigari ya ƙwace shi, ya sa shi a zaurensa ya rufe. Sannan ya tura babur Zugu a ɗauko Makau.

*

Makau mai bin sawu ne. Shanun sata ya fi bi, har cikin dajin da mutane suka daina shiga. Dattijo ne siriri mai ƙaramin gemu, ba ya tafiya sai da sandar gora, kuma ba ya son a yi masa magana idan kansa na ƙasa.

Bakin ƙofar ɗakin maganin ya riga ya zama kamar masussuka saboda sawun jama'a, Makau ya dube shi sau ɗaya ya wuce. Ya zagaya baya, inda dangar kara ta rabe. Nan ya tsuguna ya daɗe. Maigari da Mukhtar suna tsaye nesa kaɗan.

"Takalmin roba na," in ji Makau. "Mai dogon wuya."

"Irin wanda anka raba muna lokacin kwasar ƙasa," in ji Mukhtar. "Sufyanu na da shi. Ya yi aikin da mu."

"Mutum nawa ad da irinai?"

"Da dama."

Makau ya bi sawun har bakin hanyar burji, inda ya ƙare kusa da shatin tayar babur. Daga nan tsakuwa ce, babu abin karantawa. Ya dawo ya sake bi, ya kuma sake dawowa. A kusa da taga ya ga wani sawun daban, na silifas, ya zo ya tsaya ya juya da gudu. Ya nemi tsoffin kwanoni daga maƙwabta, ya kifa a kan sawun robar da suka fi fitowa, ya ɗora duwatsu.

"Kada kowa shi ɗaga," ya ce. "Ko ni ka cewa a ɗaga, a jira in zo da kaina."

*

A ƙofar zauren Maigari wata tsohuwa na zaune a ƙasa, ta ƙi tashi. Habsu ce, mahaifiyar Sufyanu. Ta kama gefen rigar Makau.

"Malam, ɗana bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Wayoyin garin ga duka hannunai suka kwana."

"Bari in ji daga bakinai, Inna."

Sufyanu na jingine da bango, leɓensa ya kumbura, ido ɗaya a rufe. Makau ya zauna gabansa.

"Ka buɗe ta?"

"Wallahi, Baba, sa ta nay yi ga wuta kawai. Ko murfin ban ɗaga ba."

"Ka iya kwance waya?"

"Na iya."

"Kana da abin kwance noti?"

"Ina da su. Sun kwashe su sun kai ma Ciyaman, wai shaida."

"Ina takalminka na roba?"

"Shina shago, bayan ƙofa."

"Bayan ruwa ina kat tafi?"

Sufyanu ya sunkuyar da kai. Ya ce janaretan ya yi ta mutuwa yana tashi duk yinin jiya, shi ya sa bayan ruwa ya ja shi cikin shago ya zauna wankin kaburata shi kaɗai. Babu wanda ya gan shi.

Makau ya je shagon. Takalmin yana bayan ƙofa, da taɓo a jikinsa bai gama bushewa ba. Girmansa ya yi daidai da sawun. Matasan da suka biyo shi suka fara kallon juna suna gyaɗa kai. Ɗaya ya ce yau sai Sufyanu ya bar garin ko gawarsa ta bari. Makau ya ajiye takalmin inda ya same shi.

*

Ya sami Fa'iza zaune a ɗakin ciki, ta haɗa kai da gwiwa. Ɗakin ƙarami ne: tebur, kujera, kabad, sai wani tuli a kusurwa da aka lulluɓe da tamfol.

"Baba, ni na ambaci sunansa," ta ce. "Tambayata aka yi na amsa. Ban san haka za su yi masa ba."

"Batirin wagga aba, nauyinai kamar mi?"

Ta ɗago da mamaki. "Bai fi sabulun wanki biyu ba. Aljihu ma zai ɗauke shi."

"Aljihu." Makau ya maimaita kalmar a hankali. "Kwaɗon da anka ɓalle sabo na. Ina na da?"

"Na canza shi ranar da kwamfutar ta zo. Sharaɗin ƙungiya ne, makulli ya zama wurina ni kaɗai. Na da kuwa ya yi yawa a hannun mutane. Mai shara na da shi, 'yan kwamiti na da shi."

"Akwai wanda yan nemi na yanzu?"

"Mai shara ta yi ƙorafi. Ciyaman ma ya ce ya kamata a ce yana da guda don tsaro. Na ba shi haƙuri, bai ja ba."

"Wancan hwa?" Ya nuna tamfol da sandarsa.

"Kayan kwamiti ne. Baro da shebur na lokacin kwasar ƙasa. Tun kafin a turo ni suke nan."

Kafin ya ƙara wata tambaya hayaniya ta tashi a waje. Matasa ne suka taso wani mutum a gaba. Jibo sunansa, baƙo ne daga arewa, yana aikin haƙar zinari a ramukan bayan tsauni. Wata mata ta ce ta gan shi da sanyin safiya yana gudu daga ɗakin magani. Yanzu magana ta koma cewa Sufyanu ya cire, Jibo ya saya, don masu rami na neman batir na fitilunsu.

Makau ya dubi ƙafarsa. Silifas ne. Hannunsa na hagu a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

"Mi yak kawo ka?"

"Guduma ta same ni," in ji Jibo, Hausarsa na karyewa. "Na zo a ɗaure mini. Na leƙa taga, na ga ƙofa a fashe. Ni baƙo. Na ce idan an gan ni, ni za a ce."

"Ga shi kau an ce," in ji Makau. Ya juya ga matasan. "Wanga bai shiga ba. Sawunai ya tsaya ga taga. Malama, ɗaure mai hannu. Maigari shi aje shi tare da ɗayan, kada wani shi ƙara taɓa shi."

Mukhtar ya ce a ganinsa an gama bincike. Ga takalmi, ga abin kwance noti, ga kwamfutar da kanta ta ba da shaida. A kai Sufyanu Bukkuyum tun kafin ƙungiya ta ji labari daga wani bakin.

"Ni ban san yaren kwamfuta ba," in ji Makau. "Ina son wanda yas sani shi tambaye ta."

*

Fa'iza 'yar Gummi ce, ta san wani mai gyara a bayan kasuwa. Ita da Makau suka hau babura biyu da la'asar, kwamfutar a goye a bayanta cikin zane, masu baburan suna gudu suna waiwayen daji har suka hango fadamun shinkafa.

Mas'ud mai gyara ya saurari labarin yana murza gemu. Ya kifa kwamfutar a kan tawul, ya jawo fitila.

"Wannan batirinta a ciki yake, ba irin wanda ake zarewa da yatsa ba. Sai an kwance bayanta gaba ɗaya. Zo ka duba, Baba."

Makau ya sunkuya. Kawunan notocin baƙi ne sumul, babu ƙarzane ko ɗaya. Mas'ud ya sa farce ya ɗaga ɗaya daga cikin robobin da na'urar ke tsayawa a kai. Gam ɗin ya ja zare kafin ya saki. A ƙarƙashi akwai wani notin, an manna masa 'yar farar takarda, ba ta huje ba.

"Tun daga kamfani babu wanda ya buɗe ta," in ji Mas'ud.

Fa'iza ta dafa benci. "To jan gicciyen fa?"

"Ita na'urar ba ganin batirin take yi ba, Malama. Kintace take yi daga yadda wuta ke shiga da fita. Kin taɓa barinta ta ƙare ƙaf, sannan ta cika ƙaf?"

"Ban taɓa ba. Ina tsoron ta mutu."

"Kuma jiya an sa ta a janareta mai yankewa yana dawowa. Kintacen ne ya rikice. Na sha ganin haka a sababbi. Ku bar mini ita zuwa safe."

Ya kunna ta ya bar ta tana aiki babu wuta. Batirin da aka ce ya mutu rabi ya riƙe ta har Mas'ud ya rufe shago, bai ƙare ba. Washegari da hantsi suka dawo suka tarar ta ƙare da kanta, ya sake cika ta. Ya juyo musu da allon. Jan gicciyen ya ɓace.

Fa'iza ta zauna a kan bencin.

"Innalillahi. Ba a saci komai ba. Baba, an fasa wa mutum baki, an karya masa abin neman abinci, a kan abin da ba a yi ba."

"An yi wani abu," in ji Makau. "Kwaɗo bai ɓalle kainai ba. Tun jiya abin ka damuna. Wanda yas shiga da wanda yaf fito takalminsu guda, amma tafiyarsu ba guda ba. In za ya shiga sawun sama-sama shike. In za ya fito sai shi nutse. Kuma ba sau guda yay yi ba. Ke kin ce batir aljihu ka ɗaukar shi. Wanga mutum kaya yaɗ ɗauka, masu nauyi."

"Amma babu abin da ya ɓace a ɗakin."

"Babu abin da kis san da shi."

*

Suna isa Tungar Ƙirya Makau ya sa aka fito da Jibo daga zaure, suka shiga ɗakin ciki su uku. Ya kama gefen tamfol ɗin ya yaye.

Baro biyu ne a kife da shebur a jingine, an jera su yadda za su tokare tamfol ɗin ya yi tudu. Bayansu fili ne. A kan siminti ga shatin gindin buhuna ya fito rangaɗau, kewaye da wani gari mai launin toka da ɗan ja. Garin ya bi tsagin siminti, ya bi gindin bango, har ƙarƙashin ƙofar da ke fita ɗakin zaman mata. Sai an ture teburin kafin buhu ya wuce.

Makau ya ɗebo kaɗan a murfin kwano ya miƙa wa Jibo. Jibo ya zuba ruwa, ya riƙa karkaɗawa da hannunsa mai lafiya yana zubar da na sama. Da ya gama ya karkata murfin wajen haske. A gefen laka ga wasu 'yan ɗigo suna ƙyalli.

"Niƙaƙƙen dutse," ya ce. "Na ramin gabas. Shi ne mai guba sosai. Mu ma da ƙyalle a hanci muke taɓa shi."

Fa'iza ta ja da baya har ta bugi kabad. Ta dubi tsintsiyar mai shara a jingine, ta dubi ƙofar, ta dubi tabarmin da ke shimfiɗe a ɗakin farko. A kansu yara ke rarrafe kowace safiya, suna tsotsar yatsu, suna jiran a ba su maganin guba.

Ta fita da gudu ta fara naɗe tabarmin tana jifa da su waje.

*

Bayan la'asar Maigari ya sa aka tara duk namijin da aka taɓa ba takalmin roba, kowa ya sako nasa. Mata suka tsaya daga bayan danga. Aka fito da Sufyanu yana ɗingishi. Makau ya sa aka share wani fili kusa da kwanonin da ya kifa, aka yayyafa ruwa har ƙasa ta yi laushi, aka cika buhu da yashi.

Fa'iza ta fara magana. Ta ɗaga kwamfutar ta faɗi abin da Mas'ud ya gano. Kowa ya ji.

"Batirin da ta zo da shi ne a cikinta. Kuskure ta yi. Sufyanu bai taɓa ta ba."

Guna-guni ya tashi. Waɗanda suka riƙe taɓarya jiya suka fara duban ƙasa. Daga bayan danga aka ji Habsu ta rushe da kuka.

Sai Makau ya faɗi abin da ke bayan tamfol. Wannan karon babu guna-guni. Wata mata ta saki ƙara ta rungume ɗan da ke hannunta.

"Wani ya mai da ɗakin maganin ɗiyanku rumbu," in ji Makau. "Gidaje aka bincike, nan ba a bincike. Da Malama ta canza kwaɗo sai kayanai sunka maƙale ciki. Shi yas sa yaɓ ɓalle. Yanzu kowa za ya ɗauki wanga buhu shi ratsa fili."

Ya ɗaga kwano ɗaya. Sawun yana nan kamar yanzu aka taka.

"Ku duba ƙafar dama. In babu kaya daidai take tafiya. In an aza nauyi sai ta karkace waje, dunduniya ta ja ƙasa. Tsohuwar karaya ta, wadda tad daɗe da warkewa."

Sufyanu ya fara. Ya ɗauki buhun yana nishi ya ratsa. Ƙafafunsa duka biyu a miƙe. Aka share, na biyu ya bi, na uku ya bi. Makau na tsugune yana duba kowanne yana kaɗa kai. Layi ya yi ta raguwa har ya rage Mukhtar, wanda ke tsaye kusa da Maigari yana ba da umarnin shara.

"Saura kai, Ciyaman."

Mukhtar ya yi dariya. "Ni? Baba, ni nas sa anka kira ka."

"Maigari yas sa."

"Ƙuguna na ciwo tun shekaranjiya."

"Mi kaɗ ɗauka shekaranjiya?" in ji Makau.

Maigari ya juyo ya dube shi. "Mukhtar, kowa ya ɗauka. Ɗauki."

Ya ɗauka. Takun farko ya yi su a hankali, yana dasa ƙafa kamar mai tafiya a kan gungume. A tsakiyar fili buhun ya ɗan zame, ya gyara shi da kafaɗa, ƙafar dama ta fice waje, dunduniya ta ja layi a laka. Ta sake yi. Ta sake. Ko yaro ya tsaya tsakanin sawun biyu zai ga ɗaya ne.

"Wa bai san na faɗi ga babur ba shekarun baya?" Mukhtar ya jefar da buhun. "Don ƙafata ta taɓa karyewa sai in zan ɓarawo?"

"A kawo babur ɗinai," in ji Makau.

Aka turo shi. Makau ya sa tsinke ya sosa tsakanin ƙarafan mazaunin kaya, garin ya zubo a murfin kwano. Jibo ya wanke shi a gaban kowa. Ya miƙa wa Maigari murfin.

Maigari ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga Mukhtar.

"Kai? Kai da kab bi gidana kas sa anka tone ɗakin uwata? Kai da kam mari wani yaro don an ga dutse guda ga aljihunai?"

Mukhtar ya zauna a kan buhun yashin. Ya ce ba niƙawa yake yi a ciki ba, ajiya ce kawai. Yana saye a wurin masu rami yana tarawa har mai saye ya zo. Buhunan a ɗaure suke. Bai yi zaton zai zuba ba. Batun batir kuwa bai shirya shi ba, ya zo da safe yana tsoron a gano shi, sai ya ji Malama ta karanta abin da ke allon.

"Sai kab ba su ni," in ji Sufyanu ta kumburarren leɓensa.

Mukhtar bai dube shi ba.

Fa'iza ta matso gabansa. "Tun yaushe, Ciyaman? Ina buƙatar in sani. Tun yaushe buhunan ke ɗakin?"

Mukhtar ya amsa kansa a ƙasa.

"Tun kakar bara."

Bayan danga ya watse. Mata suka bazama gidaje da gudu suna kiran sunayen 'ya'yansu. Matasa suka yunƙura kan Mukhtar, Makau ya gitta sandarsa a gabansu.

"Jiya kun yi, kun ga abin da yaz zama. Hukuma ta Bukkuyum ta ishe shi."

*

A ranar aka tafi da Mukhtar, aka kuma tono buhunan a bukkar gonarsa. Maigari ya sa waɗanda suka karya janareta suka haɗa suka kai shi gyara, suka je har gida suka durƙusa wa Habsu. Sufyanu ya amsa gaisuwarsu, amma ya daɗe bai karɓi wayar ko ɗaya daga cikinsu ba. An rufe ɗakin maganin sai an kankare simintin an sake zuba sabo. Makau ya koma Zugu kafin ƙungiyar ta iso, don an kore wa wani Bafillace shanu.

Washegarin kama Mukhtar Fa'iza ta kafa teburinta a gindin bishiya a ƙofar Maigari, ta ce duk yaron da ya taɓa zama a kan tabarmin nan a kawo shi a sake ɗibar jininsa. Layin ya kai har bakin masallaci. Babu mai hira. Wajen azahar, da mutane suka ragu, wata mata ta fito daga bayan katanga inda ta tsaya tun safe, lulluɓe har ido, da yarinya a kafaɗa. Larai ce, matar Mukhtar. Matan da suka rage suka janye jikinsu.

Ta tsuguna gaban teburin, ta zaunar da yarinyar a cinyarta.

"Malama, Amira ta. Duk sati nika kawo ta nan. Shi ka cewa in kawo ta, kada a ce iyalin Ciyaman ba su zuwa." Ta gyara wa yarinyar zama. "Kwanan ga ta bar cin abinci. In ta tashi tsaye sai ta faɗi."

Fa'iza ta dubi yarinyar. Idanunta sun yi nauyi, kanta ya langaɓe a ƙirjin uwar. Ta ajiye allurar da ta ɗauka, ta miƙe ta ƙwala wa mai babur kira.

"Wannan ba za ta jira sakamako ba. Goya ta, Larai. Yanzu za mu tafi."